Kayak ɗin Chuwang da Turmin Selina

Duk baƙon da ya zo gidana a Clinton ya leƙa ta tagar kicin, tambayar da yake fara yi mini ita ce, "Edna, wa kuka binne a bayan gida?" Ba mu binne kowa ba, jama'a. Wannan dogon baƙin abin da ke kwance inda dā nake shuka yakuwa da gauta jirgin ruwa ne, kuma mai shi yana nan da ransa, bakinsa ma bai mutu ba. Ku gyara zama in ba ku labarin, don in na bar shi ya ba ku da kansa, za ku tashi kuna tsammanin shi ya haƙa kogin Potomac.

Sunansa Chuwang, mijin ƙawata Selina da muke aikin jinya tare. Mutumin Bukuru ne, garin da ruwan da ya fi girma a cikinsa shi ne kududdufin da masu haƙar kuza suka bari. Kafin ya zo Amurka ya taɓa zama heluman leburori a wani aikin hanya, aka zuba kwalbati guda ɗaya tak a gabansa. Tun daga ranar ya zama Injiniya. A nan kuwa aikinsa ɗaga sandar ƙofar gareji ne a ƙarƙashin wani ofishin gwamnati can unguwar Southwest. Mota ta shiga ya ɗaga, mota ta fita ya ɗaga. Amma in ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce harkar sufuri yake yi da gwamnatin tarayya.

Aƙidarsa ɗaya ce a duniya: abu in ba shi da nauyi, jabu ne. Ban ga laifinsa duka ba, haka aka rene mu. A kasuwar Taminus ta Jos in za ki sayi tukunya ko dutsen guga, ɗagawa kike yi ki jinjina, in kin ji shafal ki ajiye wa mai shi kayansa. Amma Chuwang ya wuce gona da iri. Rediyo sai ya jinjina, takalmi sai ya jinjina, agogon hannu ma ya zaɓi wanda yake karkatar masa da kafaɗa.

To, a shekarar tamanin da shida, mu duka 'yan gida da ke wannan yanki turmi ɗaya gare mu, na Selina. Turmin kirya ne, na mahaifiyarta, bakinsa ya yi sulɓi don daka. Ranar da za ta taho tsohuwar ta ɗora mata shi, Selina ta bar akwatin kayan sawarta a filin jirgin Kano don a ɗaukar mata turmin. A Greenbelt suke zaune, a bene. Daka ɗaya ta yi, Baturiyar da ke ƙasansu ta kira 'yan sanda wai ana kashe mutum a sama. Shi ya sa turmin ya dawo gidana, tunda ina da fili. Kowace Asabar Issah, mutumin Kumasi mai kantin kayan abincin gida, zai kawo doya a motarsa, mu kirɓa sakwara, mu ci mu manta da sanyin ƙasar nan.

A irin wannan Asabar ce, muna tsakiyar ci, Chuwang ya yanki loma ya ce, "Yau na ga abin kunya."

"Me ya faru, Injiniya?" in ji Katung. Katung mijina ne, direban tasi, mutumin kirki, amma in ka ce masa gobe rana daga yamma za ta fito, sai ya ce to, a Amurka komai yana yiwuwa.

"Akwai wani Bature a ofishinmu, Gregory. Ya zo da wani siririn kwalekwale a kan motarsa, na mutum ɗaya, wai kayak. Wai da shi yake shiga teku. Ya ce in taya shi saukewa. Katung, da hannu ɗaya na ɗaga gefensa! Sai ka ce faifai."

"Da me aka yi shi?"

"Wai faiba. Ƙyallen gilashi suke shafa wa gam ya bushe, shi ke nan an yi jirgi. Ya ce akwai na roba, wannan ya ɗan fi nauyi, in ya daki dutse ba ya fashewa, amma in ya sha rana sai ya lanƙwashe kamar bokitin wanka. Akwai kuma na masu kuɗi, da zaren sulken 'yan sanda, wai kebla, shi ya fi duka rashin nauyi, shi kuma ya fi duka tsada. Kun ji wauta? Ana rage maka kaya ana ƙara maka kuɗi!"

Issah ya lashe yatsa ya ce, "Ei, Massa, amma ruwa ba ya son nauyi fa. Ni na ga kwalekwale a Yeji, can ƙasarmu..."

"Issah, kai doya ka sani. Ni zan gina musu kayak da zai shekara ɗari. In na tsallaka tekun Chesapeake da shi, sai kamfani. Daga Yauri har Legas ba masuncin da ba zai nemi nawa ba."

Selina ta dube shi ta ce, "Baban Chundung, ka iya iyo?"

"Wanda jirginsa ba ya fashewa, me zai yi da iyo?"

Muka yi dariya muka ci gaba da cin sakwara, a zatonmu zancen zai bi miya ya wuce. Ashe Katung ya riga ya ba shi filin bayan gidana, ba tare da ya tambaye ni ba.

Cikin satin Selina ta ɗauki 'yarsu Chundung suka tafi Jos, addu'ar cika shekara da rasuwar mahaifiyarta. Kafin ta tafi ta zo ta tsaya a kicin ɗina, ta shafa bakin turmin, idonta ya cicciko. Ta ce, "Edna, abin da ya rage mini na Mama ke nan. Amana na bar miki." Na ce ta tafi hankali kwance, ko ƙuda ba zai sauka a kai ba.

Jirginta bai gama tashi ba Injiniya ya sauke kaya a kan yakuwata.

Da farko abin ya yi kama da hankali. Gregory ya ba shi shawarar hanya mafi sauƙi: a yanka filawud, wato falankin katako, marar kauri, a ɗinke gefunan da waya kamar ana ɗinkin ƙwarya, a shafe da gam, a lulluɓe da ƙyallen faiba sau ɗaya. Wai haka jirgi zai yi ƙwari kuma mutum ɗaya zai saɓa shi a kafaɗa. Chuwang ya sayo filawud ɗin, ya jinjina, ya yi tsaki, ya mayar. Ya dawo da irin wanda ake daɓen bene da shi. Wannan kuwa ya ƙi lanƙwasuwa. Ya sa Katung ya hau gefe ɗaya, Issah ya hau ɗaya gefen, shi ya tsaya a tsakiya yana ba da umarni. Katakon ya ƙwace ya watsar da Issah cikin gautana.

"Kun ga ƙarfi?" in ji Chuwang. "Katakon da ya kayar da ƙato, igiyar ruwa ce za ta gagare shi?"

"Massa, ƙuguna," in ji Issah daga ƙasa.

Matsalar Chuwang ita ce ba a yi masa gyara. In ka ce abu ya yi yawa, ƙari yake yi don ya nuna maka. Na leƙo na ce, "Baban Chundung, wannan haƙarƙarin ba su yi kauri ba?" Washegari ya ƙara rodi. Katung ya ce ko faiba sau biyu ta isa, ya shafa sau bakwai. Wani maƙwabcinmu Ba'amurke ya tsaya a shinge ya tambaya ko kaskon furanni ake yi, Chuwang ya fusata ya lulluɓe hancin jirgin da kwanon rufi, ya bi ƙasansa da kwalta. Gidana ya koma warin gam da kwalta, har tuwon da na tuƙa yana ɗanɗanon sabon titi. Takalmin Katung na zuwa coci ƙafa ɗaya yana nan a gefen jirgin har yau, ya taka gam ya fito da safa.

Ranar wata Lahadi Gregory ya zo ganin aiki. Dogo ne siriri, mai yawan murmushi da ladabi. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya busa yatsansa. Sai ya leƙa ciki ya ce gaba da baya fa dole a toshe su a bar su wayam, ɗakunan iska biyu, su ne ke riƙe jirgi a sama ko da ruwa ya cika tsakiya.

Chuwang ya jira har ya tafi, sannan ya juyo gare mu yana girgiza kai. "Kun ji da kunnenku? Rabin jirgin iska ce. Iska suke sayar wa mutane! A kwalbatin Bukuru, da ɗan kwangila ya bar mini rami a cikin gini, korarsa na yi."

"To me za ka zuba a ciki?" na tambaya.

"Abin da ake zubawa a rami, Maman gida. Kankare."

Na ce, "Yesu!" Na shige ɗaki, don in na tsaya zan faɗi abin da ba na coci ba.

Matuƙi kuwa, wato sandar tuƙi mai baki biyu, ya ce na Gregory cokalin shayi ne. Ya sayo shebur biyu ya kai aka yi musu walda gindi da gindi.

Duk wannan na haɗiye, albarkacin Selina. Sai wata ranar Talata na dawo daga asibiti da rana, ƙafafuna kamar ba nawa ba, na shiga kicin in sha ruwa, na ga kusurwar da turmi yake zama wayam. Taɓarya ce kaɗai a jingine. Na fita bayan gida da kofin a hannuna.

Ga turmin Maman Selina a tsaye a tsakiyar jirgi, bakinsa a sama, an ɗora masa matashin kujerar falona. Chuwang yana zaune a kai ya harɗe hannu, sai ka ce direban tirela.

"Baban Chundung! Me turmin nan yake yi a nan?"

"Kujera. Turawa a ƙasa suke zama su miƙe ƙafa kamar yaran firamare. Namiji a sama yake zama ya ga gabansa."

"Sauko ka ciro shi yanzu-yanzu!"

"Aro na yi, Maman gida, kwantar da hankalinki. Ɗan gam kawai na sa don kada ya yi rawa."

"Ɗan gam?"

"Da ɗan siminti."

Na sa hannu biyu na ja. Wallahi gara in ja bishiyar kuka. Gindin turmin ya nutse cikin kankare, an naɗe shi da faiba, an bi da gam har ya yi ƙyalli. Na zauna a ƙasa a kan ragowar yakuwata na fashe da kuka, kukan takaici. Da wane ido zan kalli Selina? Matar da ta je kabarin uwarta, ta dawo in ce mata turmin ya zama kujerar mahaukaci?

Muka shiga neman mafita. Na tafasa ruwa na kwarara, banza. Issah ya kawo galan ɗin manja daga kantinsa muka tsiyaya a gefe ko zai zame, jirgin ya yi ja, turmi ko gezau. Katung ya kawo jak ɗin tasinsa ya kafa, jak ɗin ya lanƙwashe. Chuwang kuwa ko a jikinsa, yana tsaye yana murna.

"Kun ga aiki? Jak ɗin mota ya sallama!"

"Selina ranar Lahadi za ta sauka," na ce masa. "In turmin nan bai fita ba, ni da kai sai dai a raba mu a ofishin 'yan sanda."

"Abu mai sauƙi. Siminti da katako, in suka sha ruwa kowa hanyarsa yake kamawa. Ranar Asabar zan sa jirgi a kogi. In na je na dawo, turmi da kansa zai fito kamar haƙorin yaro."

Na san ƙarya ce. Katung ma ya sani. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Na ce to.

Ni na ɗauka mu huɗu za mu je a ɓoye. Ashe Injiniya ya gayyaci duniya. Ya yi sanarwa a coci, ya gaya wa duk direban tasi ɗan gida da ke layin filin jirgi, ya sa Issah ya gaya wa duk wanda ya zo sayen gari. Ranar Asabar da safe sai ga matan Zumunta na coci da anko, ga Fasto Davou da kwat, ga mai ɗaukar bidiyo da na'ura a kafaɗa kamar buhun masara.

Fitar da jirgin daga bayan gidana kaɗai wasan kwaikwayo ne. Maza takwas suka kama, suka ce "Ɗaya, biyu," jirgi ya ce ban san zancen ba. Aka ƙaro huɗu. Aka shimfiɗa bututu aka gangara da shi, ya tafi da ƙyauren shingena. Da aka tura shi cikin motar Issah, gaban motar ya ɗaga sama kamar akuya mai cin ganye.

"Ei! Ei! Massa, motata!" in ji Issah, ya ɗora hannu a ka.

"Motar Japan ce, ba nauyi," in ji Chuwang. "Ai na gaya maka tun ranar da ka saya."

Sai da mata uku masu jiki suka shiga gaba kafin tayoyin suka taɓa ƙasa. Haka muka rarrafa har wani gangaren saukar da jiragen ruwa a bakin Potomac, motoci a bayanmu suna ta oda, matan Zumunta suna waƙa ta taga.

A bakin ruwa akwai Turawa da kayak ɗinsu, ja da rawaya da shuɗi. Wata tsohuwa mai furfura ta saɓi nata na roba ita kaɗai ta wuce mu tana cin tuffa. Chuwang ya nuna ta da baki ya ce wa Fasto, "Dubi abin tausayi." Gregory ma ya zo. Da ya ga an cika ɗakunan iska da kankare, murmushin ya gudu daga fuskarsa. Ya roƙi Chuwang kada ya shiga. Da ya ga ba ya ji, ya ciro rigar ceto daga motarsa ya miƙa masa.

Chuwang ya karɓa, ya jinjina, ya mayar. "Soso ne."

"Ɗan'uwa Chuwang," in ji Fasto Davou, "in ba ka sa rigar nan ba, ba zan yi addu'a ba. Ban zo da shirin jana'iza ba."

Ya sa, yana gunaguni. Fasto ya yi addu'a, kuma ban taɓa jin ya roƙi jinƙai da ƙarfi irin na ranar ba. Chuwang ya yi jawabi. Ya gode wa gwamnatin tarayya da yake aiki da ita, ya ce yau baƙar fata zai koya wa teku ladabi, ya ce duk mai son hannun jari ya ga Katung. Sannan ya hau turmin, ya gyara matashina, aka miƙa masa shebur ɗinsa mai baki biyu, ya kusa faɗowa don nauyi.

"Ku tura!"

Suka tura. Jirgi ya gangara a kan bututu da gudu, gurrr, ya shiga ruwa. Gaskiya ɗaya zan faɗa, bai karkata dama ba, bai karkata hagu ba. Yadda ya bi gangaren a kan tudu, haka ya ci gaba da binsa a cikin ruwa. Hancin kwano ya ɓace, bayan ya ɓace, ruwa ya kama gwiwar Injiniya, ya kama cibiya, ya tsaya a ƙirji. Jirgi ya zauna a ƙasan kogi daram, kamar can aka gina shi.

Waƙar matan Zumunta ta mutu a tsakiyar baiti. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar na'urar bidiyo.

"Bai kife ba!" in ji Chuwang da ƙarfi. "Ku shaida, bai kife ba!"

Ya tsoma shebur ya fara tuƙi. Yana kwasar laka yana watsawa baya, jirgi yana nan inda yake.

"Massa, tafiya kake ko noma?" in ji Issah.

"Yana daidaita kansa ne! Ku ba shi lokaci!"

Abin da mutumin Bukuru bai sani ba, kogin nan yana cika yana janyewa tare da teku, kuma lokacin cikarsa ne. Ruwa ya hau wuya. Sai wani jirgi mai inji ya wuce can nesa, igiyarsa ta iso, rigar soson nan ta ɗaga Injiniya daga kan turmi cak, kamar an cire murfin kwalba. Shebur ya nutse. Matashina ya bi ruwa. Chuwang ya fara juyawa a hankali yana nufar tsakiyar kogi, ƙafafu a sama.

"Katung! Fasto! Wayyo Allah, ku kama ni! Ban iya ba! Ban iya ba!"

Tsohuwar nan mai cin tuffa ce ta zagayo da kayak ɗinta na roba, ta ce ya kama igiyar baya, ta jawo shi gaɓa kamar an ɗauro tunkiya. Yana fitowa yana tari yana cewa robar tata tana rawa, ba ta da aminci.

Ni ban ko kalle shi ba. Idona yana kan ruwa, inda bakin turmin ya rage ɗan da'ira baƙi, igiya tana rufe shi tana buɗewa. Sai na ji an tsaya kusa da ni. Na juya, na ga Selina, da jakar tafiya a hannu, Chundung tana barci a kafaɗarta. Ashe ta sami kujera kwana ɗaya kafin lokaci, direban tasin da ya ɗauko ta kuwa ɗan gida ne, ya ce mata ai kowa yana wajen bikin maigidanta, ya kawo ta kai tsaye.

Ta dubi mijinta yana ɗigar ruwa. Ta dubi kogi.

"Edna," ta ce a hankali, "wancan bakin turmin Mama ne?"

Na gyaɗa kai.

Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙa mini yarinyar, ta cire takalmi, ta shiga ruwa da zanenta har ƙirji, ta dafa bakin turmin ta tsaya. Matan Zumunta suka sunkuyar da kai. Mai bidiyo ma ya sauke na'urarsa.

Sai da aka kira motar janwe mai ƙugiya. Ta ja, ta yi hayaƙi, ta ja, jirgin ya fito yana kankare simintin gangaren, shi kuwa ko ƙwarzane babu. Turmi yana nan daram, ya sha ruwa ya ƙara kumbura ya matse. Mai janwe ya tambayi ina za a kai, Katung, Allah ya shirye shi, ya ba da adireshin gidana.

Da yamma duk wanda ya je kogi ya biyo mu, don ba mai son a ba shi labari. Selina ta aiki Issah ya kawo babbar guduma. Ta miƙa wa mijinta.

"Baban Chundung, kai ka gina. Fasa ka ba ni turmina."

"Maman Chundung, aikin wata guda..."

"Fasa."

Ya tuɓe riga ya ɗaga guduma ya sauke. Tim! Gudumar ta yi tsalle ta dawo ta kusa cire masa kunne. Ya sake. Ya sake. Gumi ya wanke shi, tafin hannunsa ya yi ƙulu-ƙulu, faiba bakwai da rodi da kankare suka ce ba su san shi ba. A bugu na ban san nawa ba kan gudumar ya fita ya faɗa gidan maƙwabci. Kuma don Allah ku ji mutumin nan, yana haki ya juyo ya ce wa Gregory, "Ka gani? Naka zai ɗauki wannan?"

Gregory ya ce gaskiya ba zai ɗauka ba.

Aka kawo kurfin fasa siminti, Chuwang ya kafa a gindin turmin inda siminti ya kama, ya buga. Sai muka ji wani ɗan sauti, ƙas, ba daga siminti ba, daga itace.

"Tsaya!" in ji Selina.

Ta durƙusa ta shafa wurin da yatsa. 'Yar tsaga ce kamar gashi. Ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe, idonta jawur, amma muryarta ba ta rawa.

"Bar shi. Turmin nan ya shekara arba'in a hannun Mama bai tsage ba. Ba zan tsaya ina kallo ka fasa shi don ka gyara wautarka ba. A nan zai zauna." Ta shiga kicin ɗina ta fito da taɓarya. "Edna, ɗora doya."

Na ɗora. Da ta nuna aka wanke turmin tas, aka zuba. Selina ta miƙa wa mijinta taɓarya a gaban Fasto, a gaban matan Zumunta, a gaban direbobin tasi.

"Ni? Daka? A gaban mutane?"

"Ni ba zan hau jirgi in yi daka ba, ban iya tuƙi ba. Kai ne mai jirgi. Hau."

Ya dubi Fasto. Fasto ya dubi sama. Ya dubi Katung, Katung ya ce to, a Amurka komai yana yiwuwa. Injiniya ya hau, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ya fara lugude, mata suka ɗauko waƙar da ta mutu a kogi suka ƙarasa masa ita a kan bugun taɓarya.

Yakuwata ba ta sake fitowa ba, shingena har yau da waya aka ɗaure shi, kuma ban yafe wa Katung ba. Amma kowace Asabar Issah yana kawo doya, Selina tana zuwa ta fara shafa 'yar tsagar nan da man gyaɗa kafin a zuba komai, Chuwang ya hau ya kama aiki. Gregory ma ya koyi cin sakwara. Rannan yana ba da labari cewa kayak ɗinsa ya daki dutse ya tsage, ya kai an yi masa faci.

Chuwang ya tsayar da taɓarya, fuskarsa ta washe. "Kun ji? Faci! Nawa kuwa dubi, ana dukansa kowane sati, ko gezau. Ban ce muku zai shekara ɗari ba?"

Selina ta leƙa cikin turmin, ta juya sakwarar da hannu, ta yayyafa ruwa.

"Allah ya ba ka tsawon rai ka cika su a kansa," ta ce. "Daka, Injiniya, da sauran gudaji."